IN GEMUN 'YAR UWARKI YA KAMA DA WUTA

Na san da kun ga kan wannan magana wasu za su yi dariya, su ce yau kuma marubuciya ta rasa abin rubutawa, ta ajiye labarin soyayya ta koma maganar gemu. To ku yi dariyarku, ba laifi. Amma karin maganar nan da Hausawa suka yi wa maza, cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ni a kaina ta faɗa. Haɓata aka ƙona, da kuɗina, da yardata, har ina yi wa wadda ta ƙona ni godiya. Tabon yana nan, duk wadda ta zauna kusa da ni za ta gani. Shi ya sa na ce bari in cire kunya in faɗa, ko wata ta shafa wa nata ruwa.

Ina 'yar shekara 17, ina aji biyar a sakandare, gashi ya fara fito mini a haɓa. Sili uku ne, baƙaƙe, masu kauri. Na tsige su na manta. Kafin in gama makaranta sun wuce ƙirga, sun hau kan leɓe, sun gangara wuya. Lokacin da na yi aure kuwa, reza ta zama abokiyar sirrina. A ƙasan akwatin zannuwa nake ɓoye ta, in tashi kafin kiran assalatu in shiga banɗaki in gama abin da zan yi, don kada maigida ya gani. Fatar wurin ta yi baƙi, ƙurajen aski suka cika ta, na koma ba na fita sai na ja mayafi har bakina. Mutane suna cewa wance akwai kunya, ba su san tsoro ba ne.

A duk tsawon shekarun nan al'adata sai ta yi wata 3, wata 4 ba ta zo ba. Inna ta ce sanyi ne, aka yi ta jiƙa mini sassaƙe. Na shekara 6 a ɗakina ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, ma'ana irin wanda ake murna da shi. Wata rana a gidan suna, ina ji da kunnena, wata daga dangin maigida ta ce, "Ina haihuwa za ta fito, tunda namiji muka auro?" Aka sheƙe da dariya. Wallahi ranar ban iya cin tuwon sunan ba. Kuma ko sau ɗaya, ni da Inna da masu dariyar, babu wadda ta kawo a ranta cewa gashin da al'adar da rashin haihuwar duk ƙofa ɗaya suka fito.

A 2019 sai na ga talla a waya. Wani shagon gyaran jiki ne, ana lalle, ana dilka, ana halawa, sun ce sun kawo na'urar leza daga waje, zama uku gashi ya tafi har abada. Na tattara ribar littafina guda cur na kai musu. Yarinyar da ta yi mini ba ta tambaye ni komai ba, daga "Anti sannu da zuwa" sai "Anti kwanta". Ba tabarau, cewa ta yi in runtse ido. Tana dannawa ina jin ƙauri kamar ana babbakar kan rago, na ce mata da zafi fa, ta ce, "Anti ai zafin shi ne aikin." Washegari haɓata ta tashi ruwa-ruwa. Da ya warke sai ya bar wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri fari kamar albaras. Na koma musu, mai shagon ta ce fatata ce ba ta da kyau, in sayi wani mai a wurinta. Gashin kuwa ko wata biyu bai yi ba ya dawo abinsa.

Ƙunar nan ce ta kai ni asibiti, abin da gashin bai taɓa yi ba. Likitar fata ta duba haɓar, ta duba bayan wuyana inda ya yi baƙi kamar dauɗa, sai ta ajiye biro ta ce, "Malama, yaushe rabonki da al'ada?" Na ce a raina me ya haɗa kifi da kaska? Ashe tambayar da ya kamata a yi mini tun ina 'yar shekara 17 ke nan. Ta tura ni wurin likitan mata, aka ɗebi jini, aka yi hoton mara, aka ce ina da lalurar da likitoci suka daɗe suna kira PCOS, kuma sukarin jinina ya fara hawa. Shekara goma sha ina aske saƙon da jikina yake aiko mini kullum da safe.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Bari in faɗa muku abin da na koya, don rashin sani ya fi dare duhu. Kowace mace a duniya tana da ɗan sinadarin maza a jikinta, wanda ake kira andurojin. Ma'ajiyar ƙwai tana yinsa, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda ma suna yinsa. Idan ya yi yawa, ko kuma tushen gashin mace ya cika saurin jin sa, sai gashi mai laushi da kowa ke da shi ya rikiɗe ya zama mai kauri a wuraren da maza ke da shi: haɓa, leɓe, ƙirji, ƙasan cibiya, cinya, baya. Mata 5 zuwa 10 cikin kowane 100 da ke shekarun haihuwa suna fama da wannan. Ki ƙirga matan layinku ki gani. Ba ke kaɗai ba ce, kowa ɓoyewa take yi.

Mafi yawan masu wannan gashi, PCOS ce sanadi. Ba sabon ciwo ba ne, tun 1935 wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta a kan mata 7 da suka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace 1 cikin 10 na da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a taɓa gano musu ba. Alamominta su ne rikicewar al'ada, gashi, ƙurajen fuska, ƙiba musamman ta ciki, baƙin wuya ko hammata, da jinkirin haihuwa saboda ƙwai ba ya fita a kan lokaci. Ba lallai duka su taru a jikin mace ɗaya ba, akwai sirara masu ita. Idan aka ƙyale ta tana iya jawo ciwon suga da hawan jini, kuma mahaifar da take watanni ba ta zubar da jini ba tana iya yin kaurin da zai zama ciwon daji a gaba. Kun ga ashe gemun shi ne mai sauƙin ciki.

Akwai kuma wasu dalilan. Wata gado ta yi, danginsu masu gashi ne, lafiyarta ƙalau. Wata sai ta daina al'ada don girma sannan 'yan siloli su fito. Wata magani take sha yake jawo mata. Wata kuma, ku saurara da kyau, man bilicin ne. Da yawa daga mayukan nan da ake haɗawa a ƙulle a roba suna ɗauke da sitiroyid, irin wanda za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwalinsa. Yana sirantar da fata, yana fito da jijiyoyi, yana kuma tsiro da gashi a fuska. Sai ki ga mace ta sayi fari da kuɗinta, an ba ta gyaran gemu.

Wanda ya fi duka hatsari shi ne gashin da ya zo farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara buɗewa kamar ta namiji, gashin goshi na zubewa, gaban mace na canza kama. Wannan yana iya zama ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai ko a saman ƙoda. Bai cika faruwa ba, amma yana faruwa. Mai irin wannan in ta tafi shago aka ƙona mata gashin, ta share sawun ɓarawo ne alhali yana cikin ɗaki.

Likitoci har ma'auni gare su. Tun 1961 Ferriman da Gallwey a Landan suka fito da shi, yanzu ana duba wurare 9 a jiki, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 4. Wato abin da mu muke yi wa gori a gidan suna, wasu sun fi shekara 60 suna karantar da shi a makarantar likitanci.

ITA LEZAR FA?

Kada wata ta ce marubuciya ta haramta leza. Ban haramta ba, ni ma daga baya ita aka yi mini, ta kuma yi mini rana. Faɗana da masu sayar da ita ne a kan ƙarya da jahilci.

Leza haske ne mai launi ɗaya tak, mai ƙarfi. A 1960 Theodore Maiman ya fara haɗa ta a Kalifoniya. A 1983 wasu likitoci biyu a Boston, Anderson da Parrish, suka nuna yadda za a sa hasken ya ƙona abu guda a cikin fata ya bar na kusa da shi. A wurin cire gashi, abin da hasken yake nema shi ne baƙin launi, wanda ake kira melanin. Gashi ya sha hasken, ya yi zafi, zafin ya gangara ya lalata tushen. To ga inda gizo yake saƙa. Baturiya fatarta fara, gashinta baƙi, haske bai da abin kamawa sai gashin. Ni da ke fa? Melanin ɗin da ke gashinmu shi ne ya cika fatarmu. Na'ura ba ta da ido, baƙi kawai ta sani. In ba wadda ta dace aka ɗauko ba, fatar za ta sha wutar kafin ta kai ga tushen gashi. Abin da ya same ni ke nan.

Likitocin fata sun kasa fatar mutane gida 6, bisa ma'aunin da Fitzpatrick ya fitar a 1975. Yawancinmu muna gida na 5 da na 6. Na'urorin kuma kowace da lambar haskenta. Akwai mai lamba 694 da mai lamba 755, waɗannan na masu farar fata ne. Akwai mai lamba 800 zuwa 810, wadda gwani yake iya lallaɓawa da ita a kan wankan tarwaɗa. Wadda aka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, domin haskenta yana nutsawa ciki, saman fata ba ya shan sa da yawa. Ki rubuta wannan lamba a takarda, 1064. Sannan akwai abin da ake kira IPL, wanda sam ba leza ba ne, fitila ce mai walƙiya da tarkacen haske iri-iri, kuma ta fi saurin ƙona baƙar fata. 'Yan ƙananan nan da ake tallarsu a waya a ce ki yi da kanki a gida, yawancinsu IPL ne, kuma in kin karanta takardar da ke cikin kwalin za ki ga su kansu masu ƙerawar sun ce ban da mai fata mai duhu sosai. Mai talla dai ba za ta karanta miki wannan layin ba.

Sai maganar "zama uku har abada". Ƙarya ce tsagwaronta. Gashi ba lokaci ɗaya yake girma ba, wani yana tsiro, wani yana hutu, kuma leza mai tsiro kawai take kamawa. Don haka ake yin zama 6 zuwa 8, wani lokacin fiye, da tazarar mako 4 zuwa 6 a fuska. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma abin da ta yarda a ce leza tana yi shi ne rage gashi ragi mai ɗorewa, ba ta yarda a ce tana cire shi har abada ba. Ba ta kama furfura, domin babu baƙi a cikinta. Furfura sai dai tsohuwar hanyar allura mai lantarki, sili-sili, wadda wani likitan ido mai suna Charles Michel ya fara a 1875. Kuma akwai wani abin mamaki da ba sa faɗa: wasu matan, musamman masu duhun fata da masu PCOS, idan aka haska musu wuta marar ƙarfi a kumatu da wuya, maimakon gashin ya ragu sai ya ƙaru. Garin gyaran gira a rasa ido.

Babbar magana ita ce wannan. Leza tana lalata gashin da ya riga ya fito. Ba ta san hanyar ma'ajiyar ƙwai ba. In sinadarin yana nan yana ambaliya, sababbin tushe za su ci gaba da rikiɗa, ke kina biya, su suna fitowa. Kamar matar da rufin ɗakinta ke yoyo ne ta ɗauki 'yar aiki tana kwashe ruwa, damina kuma ba ta ƙare ba. A fara ɗinke rufin. Likita ne zai duba ya ga abin da ya dace da ke: wata ƙwayar tsarin iyali za a ba ta don ta daidaita sinadarin, wata a ƙara mata da sifironolakton, wata metfomin saboda suga, wadda ke neman haihuwa kuma hanyarta daban. Kada ki je kemis ki saya don kin gani a littafina, domin sifironolakton yana iya illata ɗan da ke ciki. Maganin kuma ba ya nuna aikinsa a gashi sai an yi wajen wata 6, sai haƙuri. Mai ƙiba in ta rage ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa al'ada tana fara daidaita. Ni da tafiyar ƙafa bayan asuba na fara, da rage lemon kwalba da tuwon dare. Aka ba ni maganin fitar da ƙwai, a 2022 Allah Ya ba ni 'yata. Ban ce kowa haka nata zai zo ba, haihuwa ta Allah ce, amma da yawa masu wannan lalura suna haihuwa in an taimaka musu. Sai da na yaye sannan na koma kan gashin, a hannun likita, da na'urar da ta dace, zama 8. Ya ragu ƙwarai, amma har yanzu nakan koma a ɗan taɓa. Gaskiyar ke nan, ba ƙari.

GARE KU MASU SHAGO

Hajiya mai shago, ba na baƙin ciki da neman halalinki. Dilka da halawa sana'a ce mai daraja, daga Sudan da Chadi ta biyo ta Maiduguri ta iso mana, amare suna jin daɗinta. Amma don kin iya dafa sukari da lemon tsami ba shi ne kin iya riƙe na'urar da take iya makantar da mutum ba. Kin sayo ta, wanda ya sayar miki ya nuna miki maɓalli kwana biyu, kin miƙa wa yarinyar da ke miki wankin kai. Kin san lambar haskenta? Kin san mace mai tabo mai tudu, irin wanda yake kumbura bayan hujin kunne, sai an yi taka-tsantsan da ita? Kin san ba a yi wa mai ciki? Kin san fatar da ta sha bilicin ta zama kamar takarda? In kin sani kika yi shiru, kin ci amana. In ba ki sani ba kika danna, kin yi ganganci da fuskar 'yar mutane. Zaɓi ɗaya. Kuma abin da ya fi ci mini rai, kun san kunya ba za ta bar mu mu kai ƙara ba. Wace mace ce za ta tsaya gaban hukuma ta ce gemuna na je cirewa? A kan wannan kunyar kuke cin kasuwa.

Kasuwa dama ba ta da uwa. Akwai wani magani, ifulonitin, da yake ceto masu ciwon barcin da ƙudan tsando ke sawa a Afirka. A 1995 aka daina yin allurarsa, saboda masu ciwon talakawa ne ba riba. A 2000 sai ga shi ya ɓullo a Amurka a matsayin man shafawa na rage gashin fuskar mata. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin a 2001 a koma yi wa marasa lafiya allurarsu. To in manyan duniya haka suke lissafi, ke me zai sa ki zaci mai talla a waya lafiyarki ce ta hana ta barci?

GARE KU MASU GORI

Amma fa mu yi adalci. Ba mai shago ce ta kore ni daga hanyar asibiti ba, bakinku ne. Ku ne kuke cewa mace mai gemu mayya ce, ko muguwa, ko mai danne miji. Masu sauƙin ciki su ce ai alamar arziki ce, a bar ta da lalurarta tana jiran arziki. Ku ne kuke kiran yarinya mata-maza a makaranta har ta daina ɗaga hannu a aji. Ku ne in an zo neman aurenta kuke rarrafawa ku kai rahoto. Abin takaici kuma, yawancin masu wannan aika-aika mata ne. Ina ciwon 'ya mace na 'ya mace ne da muke rerawa a gidan biki? Da matar nan ta gidan suna ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, je ki ga likita," da ta rage mini shekarun kuka. Ta zaɓi a yi dariyar minti ɗaya.

Iyaye mata, in 'yarku ta fara tsiro da gashi a haɓa, ku tambaye ta al'adarta kafin ku tambaye ta wa ta yi wa rashin kunya aka yi mata asiri. Maza kuma, na san kuna ɗaukar littattafanmu kuna karantawa a ɓoye, to ku ji. Ranar da na gaya wa maigida komai ina kuka, cewa ya yi, "Ai na daɗe da sanin inda rezar take, na ga ba kya so a yi maganar ne." Shekara 6 ina ɓoye abin da ya sani, shi kuma yana kawaici a kan abin da ya kamata ya ɗauke ni mu tafi asibiti. Kawaici halin kirki ne, amma ban da a kan ciwo.

Wata za ta ce ai halittar Allah ce, taɓawa haramun ne. Malamai sun bambanta wannan da tsige gira. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bayyana cewa in gemu ko gashin baki ya fito wa mace, cire shi ba laifi, abin so ne ma. Wata za ta ce ni ba ni da kuɗin leza. To ki kwantar da hankalinki, ba dole ba ce. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa, tun 1928 wata mai bincike, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna haka. Bakin gashin ne da aka datse yake ji da kaifi a hannu. Ki samu reza mai tsabta taki ke kaɗai, ki jiƙa wurin, ki bi kwanciyar gashi. Kuɗin katin asibiti da gwajin jini kuwa, in kin haɗa abin da kika zuba wa mai sassaƙe da mai mayuka, wataƙila har canji za a ba ki. Wata za ta ce ina jin nauyin likita namiji. Ki nemi mace, suna nan. Manyan asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato, na Maiduguri, duk suna da sashen mata, a nan kuma za a nuna miki likitan fata.

IN KIN SHIRYA ZUWA

Bayan likita ya duba ki ya ce bismilla, ga abin da za ki riƙe. Ki tambayi sunan na'urar da lambarta, in suka fara kame-kame ki ɗauki jakarki. Ki tambayi wa zai yi miki, ina ya koya, kuma wane likita ne yake tsaye a kan wurin. Ki ce a nuna miki aikin da suka yi wa masu irin fatarki, ba hoton Turawa na jikin kwali ba. Ki ce a gwada a ɗan wuri ƙarami a jira kwanaki a gani. Dole a ba ki tabarau na musamman, shi ma mai yi ya sa, dole kuma a riƙa sanyaya fatar. Ki faɗi gaskiyar duk man da kike shafawa da duk maganin da kike sha. Ki daina tsiga da halawa mako 4 zuwa 6 kafin ranar, domin in kin tumɓuke tushen hasken bai da abin kamawa, aski kawai za ki yi. Bayan an yi, ki kiyayi rana. In kika ji zafi ya wuce na tsunkulin roba, ki ce a tsaya, fuskarki ce ba ta aro ba. Wanda duk ya ce miki har abada, ko ya karya farashi ya ce yau kawai, ki tuna araha ba ta ado.

'Yan uwa, na tona asirin kaina a bainar jama'a, na san gobe za a nuna ni a biki a ce ga mai gemun can. Na yafe tun yanzu. Buƙatata ɗaya ce. Wadda ta karanta wannan, in tana da ƙanwa ko 'ya ko kishiya ko maƙwabciya da take jan mayafi har baki ba don sanyi ba, ta same ta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, ta yi mata tambayar nan da aka yi shekaru ba a yi mini ba: yaushe rabonki da al'ada? Daga nan ta raka ta asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.